Geron Kawu Mahamudu a Bakin Teku

Duk Tajaye babu wanda ya raina ruwan sama kamar Baƙo Mahamudu. Ka ce masa hadari ya haɗo a gabas, sai ya ɗaga kai ya duba, ya taɓe baki, ya ce a garin Bata, can Gini Ikwatoriya, ko shanya ba a kwashewa saboda irin wannan. Taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da izinin faɗin gaskiya a kansa. Mutum ne mai taurin kai, mai surutu a kan abin da bai dame shi ba, in kuwa abu ya taɓa masa zuciya sai ka rantse kurma ne. Yanzu ya haura sittin, gemu ya yi fari, amma har gobe in jakinsa ya ƙi tafiya da Sifaniyanci yake yi masa faɗa.

Ni sunana Munkaila. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a kolej ɗin Illela, kuma a littafin da muke aiki da shi ƙasar Gini Ikwatoriya ba ta wuce layi biyar ba. Ƙarama ce, tana tsakanin Kamaru da Gabon, wani yanki a tudu wani a tsibiri. Sifaniyawa ne suka mulke ta har shekarar 1968, da koko da katako aka san ta, daga baya aka samu man fetur a cikin teku. Abin da nake rubuta wa yara a allo ke nan kowace shekara. Sai ga Baƙo, wanda ko ƙofar lakwal, wato makarantar boko, bai taɓa shiga ba, ya je ya yi shekara sha huɗu a can, ya dawo yana gyara mini darasi. Abin yana ba ni haushi, ba na ɓoyewa.

Tun yana saurayi ɗan cin rani ne kamar sauran mazan garinmu. Ya yi dakon siminti a Malbaza, ya sayar da ruwa a Sakkwato, ya yi tallan goro a Duwala. Da an ga alamun damina sai ya dawo, domin mahaifinsa, Kawu Mahamudu, ba ya wasa da gona, musamman saboda geronsa.

Geron nan shi ne arzikin gidansu. Gargasa ne, mai gashi a jikin zangarniya, tsuntsu ba ya iya zama a kansa. Kawu ya gaje shi daga ubansa, kuma kowace kaka, kafin a sa wuƙa a gona, shi kaɗai yake zagayawa yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta dami guda daban. Wannan damin iri ne, a ƙasan rumbu ake sa shi, ba mai taɓawa sai ruwan shuka ya faɗi. Ina tuna furar gidan Kawu muna yara, ƙanshinta tun daga zaure ake jin sa. Na ci tuwo a Yamai, na ci a Zinder, ban sake samun wannan ƙanshi ba, kuma ina kewarsa har yau.

Kawu ya rasu a 2001. Shekara ta zagayo, labari ya zo cewa a Bata, babban garin da ke gaɓar tekun Gini Ikwatoriya, kuɗin mai ya sa ana ta shimfiɗa kwalta da gine-gine, ana neman hannu ko ta ina. Baƙo ya ɗaura niyya. Ranar da ya biyo ta Illela zai hau mota, na ga ƙulli a cikin jakarsa, na tambaye shi.

"Iri na, Mushe," in ji shi. Haka yake kirana don tsokana, wato monsieur na Faransanci, tunda ni malamin lakwal ne. "Rabin tiya na ɗiba cikin na Baba. An ce mini ƙasag ga ruwa ba su ɗaukewa. Ai gero sau ukku za ni yanka cikin shekara."

Na yi masa dariya har da riƙe ciki, ban kuwa san me nake yi wa dariya ba, don ni ma a lokacin ban san yadda ruwan ƙasar yake ba.

A garinmu matar aure ba ta shiga rumbun miji, amma ƴar gida tana shiga. Saboda haka Baƙo ya bar rumbu a hannun yayarsa Shatu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta. Matarsa da ƴaƴansa huɗu, duk daga hannun Shatu hatsinsu yake fitowa.

A Bata ya samu aikin tsaron ƙofa a wani kamfanin hanya, yana buɗe wa manyan motoci suna shiga suna fita. Ya ce man da ake ta magana bai taɓa sa shi a ido ba, yana can tsakiyar teku, abin da shi ya gani kwalta ne da siminti da shingen sojoji. Kowane shinge sai an nemi takarda, shi ya sa tasa kullum tana cikin leda a ƙirjinsa. Bayan katangar kamfanin akwai ɗan fili mai yashi, taku ashirin, ba mai amfani da shi. Nan idon Baƙo ya tsaya.

Ya isa ne a watan Agusta, ya tarar gari a bushe. Da Satumba ta kama sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ɗan Tajaye kuwa in ya ga ruwan farko bayan fari ba ya tambayar kowa, sungumi yake nema. Ya yi shuka. Gero ya tsiro, ya yi kore shar, ya fi shi tsawo, har ya fara tunanin inda zai gina rumbu. Da ya fitar da kai, ruwa bai ɗauke ba, kullum zuba yake, zangarniya ta yi funfuna ta ruɓe a tsaye. Ko ƙwaya ɗaya bai samu ba. Aka yi ɗan rani daga Disamba, ruwa ya dawo a Maris, ya sake shuka da ruwan farko, ya sake ruɓewa. Satumba ta zagayo ya ƙara. Sau uku yana abu ɗaya, don a kansa ba ta taɓa zuwa ba cewa akwai wani lokacin shuka a duniya ban da ruwan farko. Rabin tiya ya koma cikin tafin hannu ɗaya.

Akwai wata tsohuwa, Mama Obono, ƴar ƙabilar Fang, tana sayar wa ma'aikata gasasshiyar ayaba da rogo a bakin ƙofar. Duk wahalar nan a gabanta aka yi. A lokacin Baƙo ya fara tsintar Sifaniyanci, don haka wata rana ta kira shi ta tambaye shi abu biyu. Kwana nawa ciyawar nan taka take yi kafin ta nuna? Ya ce casa'in. In za ta nuna, me take so? Ya ce a bar ta ta bushe. Tsohuwa ta lanƙwasa yatsu, ta ƙirgo baya daga watan Agusta, ta ce masa ya shuka a tsakiyar Mayu, lokacin da ruwa yake shirin tafiya.

Baƙo ya ce sai da ya ji kamar ta ce ya yi salla ya ba alƙibla baya. A can, daga Yuni zuwa Agusta ne rani, daidai lokacin da mu muke tsakiyar damina. Wannan ba ya cikin layi biyar ɗina, daga bakinsa na koya. Ya shuka rabin abin da ya rage da ruwan ƙarshe. A watan Agustan 2004 ya yanki zangarniya goma sha bakwai.

Daga baya ne ya san dalilin da ya sa tsohuwar ta damu da shi. Ta gaya masa, da murya ƙasa-ƙasa, don a can ba a maganar gwamnati da ƙarfi, cewa bayan tafiyar Sifaniyawa an yi shekarun tsoro, mutane da yawa suka bar ƙasar. Ita ma ta bi daji da ƙafa zuwa Gabon tana matashiya, da irin gyaɗar uwarta ƙulle a bakin zane. Shekara goma tana shuka ta a ƙasar mutane kafin ta dawo da ita gida.

Shekarar da Baƙo ya yanki zangarniyarsa sha bakwai, mu a nan ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta bi ta kan abin da ya rage. Wanda ya ga 2005 a ƙasar nan ba ya son a tuna masa. Mata suna tonon gidan tururuwa, tafasa da anza suka zama abinci. Wata safiya Shatu ta zo gidana a Illela, ta ce in kawo rediyo da kaset za ta yi wa ƙanenta magana. A lokacin haka muke aika saƙo, matafiya su kai. Na danna, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ba ta yi kuka ba.

"Baƙo, ni ta, Shatu. Ina gaishe ka. Yara suna lahiya, ba mu rasa kowa ba. Amma na shiga rumbu na hiddo damin iri na Baba, na daka. Dut na daka, ban rage komi ba. Ba wanda yas sa ni. In laihi na, nawa na."

Gidaje biyu ko uku da Kawu ya taɓa ba su irin, su ma sun cinye nasu. Da damina ta zo aka rarraba wani iri mai saurin nuna, kowa ya shuka, ya kuwa taimake mu. Amma gargasar Kawu Mahamudu ta ƙare a Tajaye.

Bayan wata biyu amsar Baƙo ta iso. Ya gaida kowa da sunansa, ya tambayi lafiyar jaki, ya ba da labarin teku. Maganar iri ko kalma ɗaya bai yi ba. Na ga fuskar Shatu lokacin da kaset ya ƙare, ta ce in juya ɗaya gefen, na juya, babu komai. Ta tashi ta gyara mayafi ta tafi. Ita a wurinta shirun nan hukunci ne.

Sati bai cika ba Baƙo ya sa aka kira ni a gidan waya.

"Mushe, irin Baba, akwai shi wurina. Ya yi. Amma kak ka hwaɗa mata."

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Matar nan ba ta barci saboda abin nan."

"Zangarniya talatin gare ni bana, bayan katangar mutane. Gobe suna iya cewa in tashi. In ta ji akwai, sannan ya mutu, ta yi rashi sau biyu. Bari sai na kawo shi da hannuna."

Na yi masa alkawari, kuma ina ganin shi ne alkawari mafi muni da na taɓa yi. Na zaci shekara ɗaya ne ko biyu, sai ga shi mun kai sha ɗaya. Takardunsa ba su taɓa cika ba, in ya fita ba lalle ya iya komawa ba, gida kuma da abin da yake aikowa ake rufa asiri. Ya ƙi ba kowane matafiyi irin, wai za su jiƙa shi ko su ba kaji. Duk tsawon shekarun nan Shatu ba ta sake hawa rumbu ba. Ta miƙa wa wani ƙanen mahaifinsu, ta ce hannunta ba na rumbu ba ne. In na je gaishe ta na tarar ana sussuka, sai ta ɗebi geron a tafi ta duba, ta mayar. Ni kuma in zauna ina shan furarta da magana a bakina. Na ji kunyar kaina ba sau ɗaya ba.

Baƙo kuwa can yana ta shuka a Mayu yana yanka a Agusta. Saboda danshin garin, a kwalba yake zuba irin da toka, ya toshe bakin da kyandir. Kowace shekara zangarniya ɗaya tak yake gasawa ya yi tumu, ya raba biyu da Mama Obono. Ita kullum cewa take wannan abincin kaji ne, amma ba ta taɓa mayar masa da rabonta ba. A gabansa Bata ta canza, aka yi doguwar hanya mai fitilu a bakin teku, motocin da yake buɗe wa ƙofa suka koma kai kaya cikin daji inda ake gina sabon birni. Malabo kuwa, inda fadar gwamnati take a lokacin, bai taɓa zuwa ba, don a tsibiri take, shi kuma ya ce ba zai hau abin da ba a ganin ƙasansa ba. Nan kaɗai nake rama haushina, in ce masa ya yi shekara sha huɗu a ƙasa bai ga babban birninta ba, ni ko a taswira na gan shi.

Da farashin mai ya faɗi ayyuka suka tsaya. A 2016 kamfanin ya naɗe kayansa. Baƙo ya zuba wa Mama Obono iri cikin tafi biyu, ta ce ita ta tsufa da noman abincin kaji, amma ta karɓa ta ƙulle. Ba ta da waya, tun ranar bai sake jin ɗuriyarta ba. Har yanzu in watan Mayu ya kama, zafi yana gasa mu a nan, sai ka ga Baƙo ya yi jugum a inuwa. In ka matsa masa ya ce yanzu can ruwa suna bankwana, ko tsohuwar nan tana da rai, ko ta shuka. Yana kewar garin, ko da yake ba zai taɓa amsawa ba.

A 2016 ɗin nan ya iso Tajaye damina ta yi nisa. Bayan an gama gaishe-gaishe mutane sun watse, ya sa aka kira ni, ya buɗe jaka a gaban Shatu. Ya jera kwalba uku a tabarma, sannan ya warware wani tsumma, ga zangarniya guda da gashinta. Shatu ta dube ta ta daɗe. Ta sa yatsa ta shafi gashin. Sai ta juyo wurina.

"Munkaila, kai ma ka sani?"

Na sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar, Yaya."

Ta tashi ta shige ɗaki. Kwana takwas ba ta amsa gaisuwata ba, ba ta amsa tasa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kowa ya zaci da damina mai zuwa Baƙo zai shuka. Ruwan farko ya faɗi a 2017, gari ya fashe zuwa gona, shi ma ya fita ya shuka geron kowa, amma kwalaben nan bai taɓa su ba. Tsoro ne ya kama shi. Ya ce mini geron ya yi shuka goma sha biyu yana shan ruwa yadda ya ga dama, wa ya sani ko ya manta ƙishirwa? Yau ya ce sai ƙasa ta ƙara jiƙa, gobe ya ce sai wata ya tsaya, har lokaci ya wuce. Na gaya masa iri ba ya zama a kwalba har abada, kowace shekara wani yana mutuwa a ciki. Ya ce in koma wurin allona.

Shatu ce ta kawo ƙarshen abin. Da aka fara ganin hadari a 2018 ta same shi a zaure, ina nan zaune.

"Baƙo, tsakanina da irin ga, wa kaka jira shi riga mutuwa?"

Ranar da aka yi ruwan shuka ya ɗauki kwalba biyu ya tafi wata tsohuwar jigawa da ke nesa da gonakin mutane, don kada bununin wani gero ya haɗu da nasa. Daga abin da ya shuka, kusan kashi ɗaya cikin uku bai tsiro ba. Sauran ya tashi da kyau har ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke. Kwana goma sha tara ba ɗigo. Ganye ya naɗe, ƙasa ta yi zafi ba a iya taka ta. Kullum Baƙo yana can, ya tsuguna a gindin gero yana yi masa magana, rabi da Hausa rabi da Sifaniyanci. Shatu kuma ba ta tambayi kowa labarin gonar ba, amma duk wanda ya shigo daga wajen jigawa sai ta bi ƙafarsa da kallo. Rabin gonar ya ƙone. Ranar ta ashirin ruwa ya sauko, abin da ya rage ya miƙe.

Da kaka ya samu dami tara. Kafin a sa wuƙa ya zagaya shi kaɗai, ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika ya ɗaure daban. Bai yarda a sa damin a amalanke ba, a kansa ya ɗauko shi tun daga jigawa, ni ina biye ina haki. Muka tarar da Shatu a tsakar gida tana tsince wake. Ya sauke damin a gabanta.

"Yaya, ga damin iri. Ki sa shi rumbu."

Ta janye hannunta ta ɓoye a cikin zane.

"Ni? Ka kai ma wanda za ya riƙe shi. Ni ad da na daka wancan."

"Na sani. Ɗiyana huɗu na bar miki, huɗu na iske." Ya tsuguna a gabanta. "Da nij ji kaset ɗin ga, ban san mi za ni ce miki ba, shi yas sa ban ce komi ba. Laihina na, ki yahe mini. Ki riƙe shi, Yaya. In yunwa ta koma zuwa, ki koma dakawa."

A nan Shatu ta yi kukan da ba ta yi ba a gidana shekara goma sha uku da suka wuce. Ni ma na yi, Baƙo kuma ya juya mana baya yana ta faɗa da jaki wanda bai yi komai ba. Da ta natsu ta share fuska, ta ɗaura ɗamara, ta ce a kawo tsani. Shekararta saba'in a lokacin. Muka ce ta bari wani ya hau, ta ce ba mai sa mata iri a inda ba ta gani ba. Ni da Baƙo muka riƙe tsanin, ta hau a hankali, sannan ta ce a miƙo mata damin.